Albashina ba ya kai ni goma ga wata: ta ina zan fara biyan bashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a nan Sakkwato, ina zaune a sashen da na gada a gidan mahaifinmu wajen Ƙofar Rini, da mata ɗaya da yara huɗu. Albashina naira dubu 135 ne. Banki na cire dubu 32 duk wata, saura wata 11. Ina da bashin manhajar waya, na karɓi dubu 40 in maida dubu 50 bayan kwana 30, kuma wata bakwai ke nan ina biya ina sake karɓa. Mai shago yana bi na dubu 46. Na kwashi adashi, saura zubi uku na dubu 15. Kawuna ya ranta mini dubu 200 lokacin da aka yi wa maiɗakina aiki wajen haihuwa, yau sama da shekara ban ba shi ko sisi ba, har kunyar zuwa gidansa nake ji. Maiɗakina ba ta san da bashin waya ba. Ta ina zan fara, kuma mu ci me?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yaye maka, ya rufa asiri. Na ji daɗi da ka kawo lissafin ƙuru-ƙuru, domin a shekarun da na yi ina aikin ba da rance a banki, da waɗanda na yi daga baya ina riƙe da ma'ajin ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikata, da wuya ka ga mai bashi ya zauna ya faɗi duka abin da ake bin sa. Yawanci sai ya faɗi uku ya ɓoye biyu, kuma biyun da ya ɓoye su ne ke cin sa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ka cire kunya a tsakanina da kai mu yi aiki.

Na haɗa naka: na banki dubu 352, na waya dubu 50, na shago dubu 46, na adashi dubu 45, na kawu dubu 200. Jimla dubu 693. Kusan albashinka na wata biyar da ɗan ɗoriya. Da nauyi, amma na ga waɗanda suka fita daga wanda ya fi wannan da albashin da bai kai naka ba. Abin da ya dame ni a wasiƙarka ba jimlar ba ce, wannan kalmar ce da ka ce "ina biya ina sake karɓa".

Bari mu tsaya a kanta. Ranar da albashi ya shigo, dubu 103 ne ke zuwa hannunka bayan banki ya ɗebi nasa. Ka tura wa manhaja dubu 50, ka kai zubi dubu 15, sai ka duba ka ga saura dubu 38 na ciyar da mutum shida har kwana talatin. Ba za su isa ba, kai ma ka sani, to sai ka koma ka sake karɓar dubu 40. A zahiri babu abin da ka biya. Haya ka ba su ta dubu 10 don su bar maka dubu 40 ɗin nan wani watan. Ka yi haka sau bakwai, dubu 70 ke nan, ka kusa ninka uwar kuɗin, kuma har gobe suna bin ka dubu 50. Kashi 25 cikin ɗari ne a wata, kashi 300 a shekara. Babu wata sana'a a Sabuwar Kasuwa ko a Kara da ke ba da irin wannan riba, balle albashin da ba ya motsi. Wannan shi ne ramin da ke shanye maka ruwa, kuma daga cikinsa bashin shago ya tsiro, domin duk dubu 10 da suka tafi can, a littafin mai shago suke fitowa a matsayin shinkafa da mai da sabulu.

To ga abin da nake so ka riƙe daga duk amsar nan. Ba a biyan bashi da kuɗin tuwo. Duk wanda ya kwashe abincin gidansa ya kai wa mai bin sa, kafin sati biyu zai koma ya ci wani bashin, kuma mai tsada, saboda yunwa ba ta jiran a yi ciniki. Ana fara ware abin da gida zai rayu da shi, a ɗaure shi, sannan abin da ya saura, ko kaɗan ne, a mai da shi adadi tsayayye wanda ake biya ranar albashi ba fashi. Mutane suna yin akasin haka saboda tsoron masu bi, wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara sallama.

Mu gwada da kuɗinka. Daga dubu 103 cire zubin adashi, saura dubu 88. Zan yanka maka kaso, kai kuma ka gyara shi da farashin da kake gani da idonka a kasuwa: abinci da cefane dubu 52; man babur dubu 10; ruwa da wuta da gawayi da sabulu dubu 9; abin da ya shafi makarantar yara da Islamiyya dubu 5; katin waya dubu 2; ajiyar lalura dubu 3. Dubu 81 ke nan. Saura dubu 7. Na san dubu 52 ga mutum shida tuwo ne da miyar kuka da wake, ba na nama kullum ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban shekarar. Saboda haka kada ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Amma dubi abin da lissafin ya nuna: rararka dubu 7 ce, manhaja kuma tana karɓar dubu 10. Muddin tana nan, kullum kana ƙasa da dubu 3 tun kafin wani ya yi tari a gidan.

Don haka ita za a fara kashewa, kuma a bugu ɗaya. Kana bukatar dubu 50 waɗanda ba daga kuɗin abinci suka fito ba. Ka zagaya sashenka da idon mai saye. Janareton da ba a tayar ba tun da mai ya yi tsada, tsohuwar waya, talabijin na biyu, manyan kayan da ka ɗinka ba ka sa su sai shekara-shekara, tunkiya in kana da ita. Babur kam kada ka taɓa shi, shi ne ƙafarka, in ka sayar kuɗin kabu-kabu zai cinye fiye da abin da ka samu. In kayan ba su kai ba, ka je ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinku, da yawansu suna ba da ƙaramin rance ba ruwa ana cira a hankali. Dubu 30 da za a cire dubu 5 har wata shida ba ɗaya suke da dubu 40 masu haihuwar dubu 10 duk wata ba. Wasu za su ce maka ka riƙa rage abin da kake karɓa, wannan wata dubu 30, na gaba 20, na gaba 10. Na lissafa, hanyar za ta ci maka dubu 65 maimakon 50, kuma kowane karɓa sabon ƙulla riba ne. Ba na ba ka shawararta. Ranar da ka biya, ka ɗauki hoton shaidar biya, ka nemi su turo maka saƙon cewa babu sauran komai a kanka, sannan ka goge manhajar daga wayarka a ranar, kafin su fara turo maka albishir ɗin cewa an ƙara maka adadin da za ka iya karɓa.

In kuwa ka makara suka fara barazanar tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayarka, ka sani kuɗin da ka karɓa yana kanka, amma tozarta ka ba haƙƙinsu ba ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fitar da ƙa'idojin masu ba da bashi ta waya tun 2022, tana wallafa sunayen waɗanda ta yi wa rajista, kuma tana karɓar ƙorafi. Kamfanin Google ma tun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mutane. Ka adana duk saƙon da suka turo, kada ka zage su, kada kuma ka tura kuɗi cikin asusun wani mutum da ya kira ka ya ce shi wakilinsu ne.

Yanzu maganar da na san ba za ta yi maka daɗi ba. Ka gaya wa maiɗakinka. Tsarin nan kaf a hannunta zai rayu ko ya mutu, domin ita ce ke auna tsaba, ita ce yara ke zuwa wurinta, ita ce ke aika yaro shago in gishiri ya ƙare. Matar da ba ta san halin da ake ciki ba, in ta ga an rage cefane, ba za ta ce bashi ba ne, zuciyarta wani wuri za ta tafi, kuma ka san inda za ta tafi. Na taɓa zama da wani ma'aikaci da ya zo ofishinmu da takardar albashinsa a ninke cikin hula, ya buɗe ta a kan tebur yana nuna mini da yatsa inda aka cire nan aka cire can. Shekara biyu yana ɓoye wa iyalinsa. Da ƙyar na shawo kansa. Bayan sati ya dawo ya ce mini, "Wallahi Malam, cewa tay yi, to mi ya hana ka faɗi tun da wuri?" A daren ta fito da lissafin abin da ake ɓarnatarwa a gidan wanda shi bai taɓa lura da shi ba. Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ka ajiye takardar a gabanta, ka fara da naka kuskuren kafin ka nemi ta rage komai. Abu ɗaya kawai: dukiyarta tata ce. Akuyarta, 'yan kunnenta, ribar soɓo ko ƙullin da take yi, ba ka da iko da su. In ta ba ka da daɗin rai, ku faɗa a fili kyauta ce ko aro, in aro ne a rubuta shi cikin jerin basussuka kamar na kowa.

Kuɗin abinci kuma kada su kwana a asusu. Kuɗin da ke cikin waya ba su da nauyi, dubu biyu nan, dubu ɗaya can, ga ladan mai POS duk fita. Ranar albashi ka ciro su gaba ɗaya. Ka sayi masu zama, gero ko dawa ko masara, shinkafa, wake, mai, a tiya ko rabin buhu gwargwadon ƙarfi, a kasuwa ba a ƙulle-ƙullen unguwa ba. Sauran na cefane a raba su gida huɗu, kowane sati da ƙullinsa, a damƙa wa uwargida. In na sati ya ƙare ranar Alhamis, a yi maneji da abin da ke cikin gida zuwa Asabar, ba a taɓa na gaba. Wata na farko zai yi ɗaci. A na uku za ku san ainihin abin da gidanku ke ci, wanda yawancin magidanta ba su sani ba. Kuma in Allah ya kai mu kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da hatsi ya fi sauƙi, duk 'yar rarar da ta samu a zuba ta a gero, domin wanda ya shiga Yuli da Agusta ba tsaba a ɗaka, shi ne ke komawa littafin mai shago.

Dubu ukun nan na lalura, za ka ji kamar wauta ce mai bashi ya yi ajiya. Ita ce katangar tsarin. Yara huɗu a Sakkwato, ba za ka ratsa damina ba tare da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ɗaya ko biyu ba, ga zafin Afrilu da abin da yake zuwa da shi. Ranar da yaro ya yi zafi da tsakar dare, in babu dubu shida a ƙarƙashin katifa, wayar nan za ka ɗauko. Ka ba maiɗakinka ta riƙe, ko ka sa a asusun da ba shi da kati. Ka kuma bincika matsayinka a shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, SOCHEMA, in kana ciki ka tabbatar an sa sunan iyalinka, ka san asibitin da aka haɗa ku da shi tun kafin bukata ta taso.

Sai mai shago. Shi ne na biyu, ba don yana sa ruwa ba, sai don shi ne mafakarka, kuma jarinsa ƙarami ne, dubu 46 a wurinsa katan-katan ne na kaya da ya kasa sarowa. Na sha zama a benci a bakin shagon wani abokina, ina kallon sa yana buɗe littafin nan mai bango ja wanda gefensa ya yi baƙi da mai, kowane magidanci da shafinsa. Wata rana ya nuna mini wani shafi ya ce, "Ba bashin ka ci min rai ba. Mutum shi ɗau kayana bashi, ran da yas samu kuɗɗi sai shi tai wani shago shi saye hannu da hannu, in ya hango ni shi sauya hanya." To kada ka zama wannan mutumin. Ka je ka same shi, ku buɗe shafin tare ku tabbatar da adadin, ka ce a ja layi a nan. Daga yau abin da za ka saya a wurinsa da kuɗi hannu ne, tsohon kuma za ka riƙa kawo dubu 7 duk ranar albashi. Ka sanar da gida cewa an rufe littafi, ba a aiken yaro da "in ji Baba a rubuta". Ban taɓa ganin mai shagon da ya ƙi wannan ba.

Adashi ba shi da magani sai zubi. Ka kwashi kuɗin mutane, wasu suna can suna jiran kwasarsu, wata uku ne, ka cika su cif. Abin da zan roƙe ka shi ne in an zagayo kada ka sake shiga, ko da uwar adashi ta ce za ta ba ka kwasar farko. Kwasar farko bashi ce da aka sauya wa suna. Wannan dubu 15 tana da aikin da ke jiran ta.

Na banki ka bar shi ya ci gaba da tafiya yadda yake, amma ka je ka nemi jadawalin biyan, takardar da ke nuna nawa ne uwar kuɗi nawa ne ruwa a kowane wata, haƙƙinka ne. Ka duba ko abin da ake cira ya yi daidai da abin da ka sa wa hannu. In ka ga cirar da ba ka gane ba, ka rubuta musu ƙorafi ka karɓi shaidar sun karɓa, in ba su warware ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Kada ka yi tunanin karkatar da albashi zuwa wani banki don ka huta, domin tun Agustan 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar bin lambar BVN ɗin wanda ya ƙi biya ya ɗebi kuɗinsa a wasu asusunsa, sannan sunanka ya shiga rajistar masu taurin bashi. Babban haɗarin yana zuwa ne in saura wata uku ko huɗu ka gama. A lokacin za a kira ka da murya mai daɗi a ce ka cancanci ƙari, za a biya ragowar tsohon a ba ka canji. Na yi wannan aikin, na san yadda ake faɗar sa. Canjin da za a miƙa maka zai ƙare cikin sati uku, cirar kuma ta koma sabuwa fil har shekara biyu ko uku. Na san ma'aikatan da suka shekara goma ba su taɓa ganin cikakken albashinsu ba saboda wannan ƙarin. Ka ce a'a tun kafin ya gama bayani.

Na bar kawu a ƙarshe wajen biya, amma wajen zuwa shi ne na farko. Ka je gidansa cikin satin nan, ko da hannu wofi. Mutanenmu suna ɗauka wanda bai tambaya ba ya yafe, alhali sau da yawa kawaici ne kawai, yana kallon ka, yana lissafin sallar da ta wuce ba ka leƙo ba. Ya ba ka kuɗin ne ranar da ran matarka da na ɗanka ke hannun Allah, bai nemi shaida ba, bai sa ruwa ba. Shirun da ka yi ya fi rashin biyan ciwo. Sannan ka lura da wani abu: dubu 200 da ya ba ka bara ba za su sayi buhunan da za su saya a lokacin ba. Kowane wata da ka ƙara, shi ne ke asara, kai kake samun sauƙi. Banki ya sa ruwansa ya kare kansa, kawu bai kare kansa da komai ba sai yarda da kai.

Ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri ba tare da dogon uzuri ba, ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki, sannan ka faɗi wata da adadi. Ka ce daga wata na biyar za ka fara kawo masa dubu 15 duk wata. Lissafina ya nuna za ka iya fiye da haka, amma ka yi alkawarin ƙasa da ƙarfinka, ka riƙa kai fiye da abin da ka faɗa. Ku rubuta, ko da zai ce haba ɗana ba sai an rubuta ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma hikimarta tana fitowa ne ranar da ɗayanku ya faɗi, magada suka zauna. Aya ta 280 a surar ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, to amma sai ya san kana cikin ƙuncin. Hadisi ya inganta cewa jinkirin mai hali zalunci ne, ya kuma inganta cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa. Niyyar nan ana ganin ta a ƙafa da takarda. In Allah ya hore ranar cikawa, ka ɗora masa wani abu a kai don kanka, tunda ba sharaɗi aka yi ba, wannan kyautata biya ne, ba riba ba ce.

Ga yadda watannin za su tafi in an kashe na waya a watan farko. Wata uku na farko, dubu 7 ga mai shago, bashinsa ya sauko dubu 25. A wata na huɗu adashi ya ƙare, rararka ta zama dubu 22, ka kai masa duka, saura dubu 3. A na biyar ka rufe shafinsa, ka kai wa kawu dubu 19. Daga na shida zuwa na sha ɗaya, dubu 22 sau shida, dubu 132, jimlar abin da kawu ya karɓa dubu 151. A wata na sha biyu banki ya sake ka, rararka ta koma dubu 54, ka kai masa dubu 49 da suka rage. Shekara ɗaya ke nan a takarda. A rayuwa ka sa ran wata 15 ko 16, domin akwai azumi da salla biyu a tsakani, akwai ranar da babur zai nemi taya, akwai rasuwa da haihuwa. In wata ya zo da abin da ya fi ƙarfinka, ka rage adadin, ka kira mai haƙƙi kafin ranar ka gaya masa, amma kada ka tsallake gaba ɗaya, kada kuma ka cike gurbin da sabon bashi. Sirrin lissafin shi ne duk kuɗin da wani bashi ya saki ba ya komawa cefane, yana hawa kan bashi na gaba. Watan da adashi ya ƙare za ka ji kamar an yi maka ƙarin albashi, a nan mutane da yawa ke zamewa.

Hidimomin jama'a fa? A garin nan ba a rasa biki da suna kowane mako, kuma mutum ba ya son a ce ba a gan shi ba. Ka je da ƙafarka, ka yi ɗawainiya da jikinka, ka yi addu'a, gudummawar kuɗi kuwa a bana sai ta wajibi, ita ma daga cikin kason da ka riga ka ware. Anko a dakata. Kayan sallar yara a fara tanadinsu da dubu ɗaya-ɗaya tun wata huɗu kafin lokaci, a ɗinka kala ɗaya. Layya sunna ce a kan mai iko, malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin cewa ba a ɗora ta a kan wanda kuɗinta zai takura shi, to kada ka ci bashin rago don idon maƙwabta alhali kawu na jira. Ka tambayi malamin unguwarku ya ƙara maka bayani a kan halinka.

Ta fuskar ƙarin shiga, kai malami ne, darasin yamma ga yara masu shirin jarabawa ya fi kusa da hannunka. In ya samu, kada ka sa shi cikin kasafi sai ya yi wata uku yana shigowa, kuma duk abin da ya kawo ya tafi kan bashin da ake kai a lokacin. Ka nisanci duk wanda ya ce ka kawo dubu 20 a mai da maka 40. Mai bashi shi ne abincinsu na farko, haka aka yi da MMM a ƙarshen 2016, haka aka yi da CBEX a 2025. Cacar ƙwallo ma haka, in da ita a cikin lamarin ba ka faɗa ba, to ita ce rami na farko kafin manhaja. Kuma ka sani masu bashin da ya fi ƙarfinsu suna cikin kaso takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka. In al'amari ya ƙara tsanani, ba abin kunya ba ne ka kai kukanka Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, ko wurin wani mai fitar da zakka da ya san ka, musamman da yake asalin babban bashinka na asibiti ne.

Kafin albashin nan ya shigo, ka sayi ƙaramin littafi, kowane mai bin ka da shafinsa, da adadi da ranar da aka yi magana. Ka zauna da maiɗakinka a daren yau ko gobe. Ka fitar da kayan da za a sayar ka kai su tun yanzu, don kada ranar biyan manhaja ta riske ka kana neman mai saye a wulaƙance. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka wuce gidan kawu. In ka yi wata uku a kan tsarin, ka sake rubuto mini da sabbin adadin da kuma abin da abinci ya ci a zahiri, mu gyara kason tare.